Ɗan Durgu Ƙarƙashin Ƙwarya

Tun da ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni Dogon Dutsi, kunnena bai huta ba. In ba kabu-kabu ba, injin niƙa. In injin ya yi shiru, rediyon maƙwabta ya ɗauka. Amma ƙarar da na tashi da ita, ta uwar kaza tana ƙut-ƙut-ƙut bayan rumbu, ɗiyanta na amsa mata, wannan sai dai in rufe ido in jiyo ta cikin kaina. Kaji kam akwai su a gidan nan, har sun fi na garinmu duka yawa. Ɗana ɗan kasuwa ne, yana da butik, wato shago, bakin tasha, kuma yana kiwon fararen kajin nan da ake kawowa cikin kwali tun suna jarirai. Ba su san uwa ba, su ma kuma ba su zama uwa, don ko ƙwai suka yi sai su tashi su bar shi kamar ba daga jikinsu ya fito ba. Ni dai nakan tsaya in kalle su ta bayan raga, in ce Allah ya kyauta.

Mu a gidanmu, can bayan Dogon Kiriya, muna da wani irin kaza da ake ce wa durgu, mai gajerun ƙafafu, in tana tafiya ƙirjinta kamar ya share ƙasa. Kyau kam babu, yara har dariya suke mata. Amma in ta hau kwanci, ko wuta ka kawo ba ta tashi, in kuma ta ƙyanƙyashe, kare ma ya san hanyar da zai bi. Al'adar gidanmu ita ce, in yarinya ta fara famfara, haƙoran gaba suka zube, kakarta ta kama sagara ɗaya cikin durgun nan, wato budurwar kaza wadda ba ta fara ƙwai ba, ta danƙa mata a hannu. Kakata ta karɓa wurin tata kakar, ni na karɓa wurinta. Ba a ba yarinya zakara. Kaka takan ce, "Zakara na gari na, kaza ta gida ta. Shi ƙarshenai tukunya, ita ko uwa ta haihi uwa." Haka aka yi ta tafiya, kaza ta haifi kaza, har shekarar da ciwo ya shigo garinmu ya share kaji gida gida, na ƙanwata ma bai bar ko gashi ba. Tawa guda ta tsira, ban san dalili ba. Shi ya sa ranar da motar ɗana ta zo ɗauka ta, na bar turmina, na bar randata, amma na rungumo kwando da durgu ciki, da tsohuwar ƙwaryata ta tsaki. Jikata, takwarata, haƙorinta ya fara girgiɗi, kuma na yi niyyar in ba ta abin da aka ba ni kafin in kwanta dama.

Wai yanzu in na ce a da har shimfiɗa ake yi wa ɗan tsako da lura, sai a ɗauka tatsuniya nake. Alhali aikina ke nan na fari a duniya. In kaza ta kusa fasa ƙwai, Kaka takan sa ni in share gindin akurki tas, in tankaɗe toka mai sanyi in barbaɗa saboda ƙuma, in ɗebo rairayin da ya sha rana in zuba bisa, sannan a kawo ɓawon gujiya busasshe a murtsuke shi da hannu, kada ya yi gari, a baza. Sau ɗaya na ɗebo mata ƙaiƙayi mai laushi daga masussuka don na ga ya fi taushi, ta hure shi daga tafin hannuna ya shige mini hanci, na yi ta atishawa har hawaye. Ta ce, "To, ke da ke da ƙaton hanci ke nan, bale shi. Kuma ɗan tsako wawa na, duk abin da ya kai girman tsaki abinci na gare shi, shi cika ciki da banza shi mutu da yunwa." Ba ta yarda a aza su bisa fata ko tsohuwar tabarmar da ta yi santsi, don ƙafafun kan zame su wage, ɗan tsako ya tashi gurgu. Abin da ta fi tsoro kuwa shi ne danshi. Takan dumbuzo shimfiɗar ta shinshina, in ta ji ɗan warin funfuna sai a kwashe a kai bola, ko da yanzu aka zuba. Wani lokaci har kunci take ɗorawa bisa, tsohuwa da ita, duwawu sama, mu muna ƙyalƙyala dariya. Ta ɗago ta ce, "Ku yi ta yi. Shimhiɗar huska ta hi ta tabarma, amma wanga ga mutum na. Ɗan tsako bai san huska ba. Inda ba ki iya aza kuncinki, kada ki aza shi."

Kowace safiya ni ke kwashe shimfiɗar in shanya, in juya, in mayar. Ni ke cusa kashin shanu da karmami cikin tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife ta bakin suri, washegari in ɗauko ta cike da gara in zazzage musu, su yi ta wawaso. In ɗaya ya saki fiffike ya tsaya yana gyangyaɗi, Kaka ba ta jiran gobe. Takan ware shi daga 'yan'uwansa, ta duba bayansa, in kashi ya manne ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta goge a hankali, ta ɗiga masa ruwa gefen baki da tsinke, ba cikin maƙogwaro ba, sannan ta jefa shi cikin zanenta wajen ƙirji ta ci gaba da kaɗi. Kana zaune da ita kana jin tsuwa daga cikin rigarta, ita ko a jikinta.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar shirwa. Kazata ta yi ƙyanƙyasarta ta fari, ina ji da su kamar in haɗiye. Da hantsi muna sussuka sai inuwa ta gilma, kafin uwar ta buɗe fiffike shirwa ta sure ɗaya. Muka sa ihu, wata ta wurga taɓarya, wata murfin tukunya, shirwa ta tsorata ta sako shi daga sama. Na ruga na ɗauko shi, wuya ya langaɓe, ido rufe, ƙafafu miƙe. Na faɗi ƙasa ina birgima. Kaka ta zo ba gaggawa, ta karɓe shi, ta kwantar da shi bisa rairayi, ta zazzage tsakin da ke cikin ƙwarya ta kife masa ita. Sai ta durƙusa ta shiga ƙwanƙwasa bayan ƙwaryar da yatsu biyu, ƙwas-ƙwas-ƙwas, tana cewa ƙasa ƙasa, "Hito, hito, uwarka na bisa." Ta jima tana yi. Da ta ɗaga, ga shi zaune yana ƙifta ido, sai ya buɗe baki ya yi tsuwa. Na ce, "Kaka, mi kinka yi mai?" Ta ce, "Ba komi. Ya ga duhu, ya zaci ƙwai na anka maishe shi. Ya ji ƙwanƙwasa, ya zaci bakin uwatai na. In da sauran kwana sai shi sake hitowa, in babu, kin dai yi naki." A garinmu akwai 'yan bori, ba na ɓoyewa, in sun kafa wasa ana jin goge da kiɗan ƙwarya har gonaki. Amma ko yaron goye ya san wancan daban, wannan daban. Kaka mai salla ce, ta tashi daga wurin ta yi alwalar sallar walaha.

To, durguta ta saba da birni da ƙyar, ta samu zakaran maƙwabta, ta yi ƙwai bayan buhunan gawayi, ta ƙyanƙyashe tsakiyar damina. Na kira takwara na nuna mata, na ce ta zaɓa da ido, in sun girma ɗaya tata ce. Lokacin haƙorinta ɗaya ya fita, tana dariya da wawulo. Ana haka aka aiko mini mijin ƙanwata ya rasu, dole na tafi ƙauye gaisuwa, ruwa kuma ya yanke hanya, na daɗe fiye da yadda na so. Bayan tafiyata wani ya bar ƙofar gida buɗe, uwar ta fita da ɗiyanta bakin titi neman abin tsattsaga. Ita da ta san shirwa, ta san muzuru, ba ta san babur ɗin nan da ake ce wa moto ba. Ta tsaya ta buɗe fiffike ta tare shi kamar yadda take tare kare.

Surukata, matar ɗana, yarinyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba. Ta tattara marayun ta kai su ɗakin ajiya, ta shimfiɗa musu buhun leda na shinkafa bisa siminti don kada sanyi ya kama su. Da ta ga suna zamewa, ta aika wurin kafinta na bayan gida aka ɗebo mata garin katako, mai laushin nan kamar garin tuwo, wanda ruwa ya riga ya daka a waje. Ita gani take gata ta yi musu. Ranar da na dawo, tun daga bakin ƙofar ɗakin warin ya gaya mini labari. Na durƙusa na dumbuza, ya dunƙule a hannuna kamar fura. Wayyo ni! Ta tsaya bayana tana murza hannu, ta ce, "Inna, wallahi kullum ina ba su tsaki da ruwa, sai in tarar ɗaya ya mutu." Na duba, saura guda, shi ma ƙafafu sun wage, yana buɗe baki yana jan numfashi. Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a harshe, amma na dubi fuskarta na haɗiye. Wa ya koya mata? Cikin siminti aka haife ta. Na ce, "Kawo mini ruwan ɗumi da zare."

Na goge masa baya, na share masa hanci, na haɗa ƙafafun da zare sako-sako don su tsaya daidai, na ɗiga masa ruwan sukari. Ɓawon gujiya babu a gidan, sai na soya rairayi cikin kasko don ya bushe, na bari ya huce, na zuba cikin kwando na ɗora tsohon zanena mai kaushi. Na riƙa yawo da shi a ƙirji kamar yadda Kaka ke yi. Ya ɗan farfaɗo, har ya tsattsagi tsaki kaɗan. Sai wata rana bayan la'asar, na ajiye shi in yi salla, ina sallamewa na waiga na gan shi kwance, wuya ya langaɓe, ido rufe, daidai yadda na ɗauko wancan daga ƙasa ina yarinya. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya tuna. Surukata ta miƙo mini roba, na ture, roba ba ta da murya. Na jawo ƙwaryata, na zazzage tsakin, na kife masa tsakar gida, na durƙusa na shiga ƙwanƙwasawa. "Hito, hito, uwarka na bisa."

Ashe ɗana yana zaure da baƙi, abokan kasuwancinsa, samarin nan masu gemu da ke taruwa karatu bayan la'asar. Yaran kirki ne, har ƙasa suke gaishe ni. Ban san karatun ya tsaya ba sai da na ga ƙafafun ɗana gabana. Ya durƙusa, fuskarsa ta canza, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Inna, mi kike yi haka?"

Na ce, "Ka gani ai." Ban daina ba.

"Inna, don girman Allah. Kiɗan ƙwarya cikin gidana, ƙiri-ƙiri, kina kiran wani shi hito? Mutane na ji. Mun bar wanga abu, Inna. Wa kike kira?"

Sai da ya faɗi haka na gane abin da yake nufi. Wallahi da mari ya kai mini da ya fi sauƙi. Ni yake zaton na zauna ina kiran iskoki, ni da na yi ta jan kunnensa da asuba yana kuka don ya tashi salla, ni da na sayar da akuya na saya masa allo da tawada. Ya aza tafin hannunsa bisa ƙwaryar don ya kashe ƙarar. Surukata ta ja takwara ta shige da ita ɗaki ta saki labule.

Na ce, "Ɗauke hannunka."

"Inna..."

"Kai, ɗauke hannunka na ce! Ɗan tsako na ciki. Ba ka tuna ba? Kana ƙarami jaki ya take naka ɗan tsakon, na yi maka wanga abu bakin rijiya, kana tsalle kana taɓi."

Ya dube ni, na dube shi, ina neman yaron nan cikin idonsa. Babu shi. Bai tuna ba, ko kaɗan bai tuna ba, kuma na ga ba ƙarya yake ba. Ya janye hannu a hankali. Na ci gaba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, amma na kasa sake faɗin kalmomin Kaka gabansa. Can na ji ɗan motsi. Na ɗaga ƙwarya, ga shi ya tattara ƙafafu ya zauna, yana ƙifta ido.

Ɗana ya sauke numfashi ya ce, "Allah na ya tashe shi, Inna, ba ƙwarya ba."

Na ce, "To, da wa na ce?"

Ya miƙe ya koma zaure. Ina jiyo shi yana 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, yana ce musu, "Ku yi haƙuri, tsohuwa ta da ɗan tsakonta, abin ƙauye na." Su ma suka yi dariya don su sauƙaƙa masa, karatu ya ci gaba. Na zauna da ɗan tsako a tafin hannu, ya rayu, ni kuwa hawaye na zuba. Na fi son ya yi mini faɗa da ya ba da haƙuri a kaina kamar wadda ta yi abin kunya gaban baƙi.

Washegari ya shigo da buhu a kafaɗa ya ajiye bakin ɗakina. Askin katako ne manya manya, busasshe ƙarau, irin wanda yake zuba wa fararen kajinsa, da ɗan ƙullin garin magani ruwan ɗorawa da ya karɓo wurin likitan dabbobi, ya gaya wa matarsa yadda za a jiƙa. Na dumbuza na shinshina, na ɗora kuncina. Gaskiya shimfiɗa ce mai kyau, ko Kaka ba ta kushe ta ba. Ɗana ya san aikinsa, kuma yana sona, wannan ban taɓa shakka ba. Amma da yamma surukata ta zo tana sunkuyar da kai, ta ce wai ya ce a roƙe ni, in abin ya sake faruwa a kira shi, kada a taɓa ƙwarya. Na ce na ji. Na tura ƙwaryar ƙarƙashin gado, tun ranar tsaki cikin roba nake zubawa.

Ɗan tsako ya warke, na kwance zaren, ƙafafu suka tsaya, gajeru kamar na uwarsa. Takwara ta ɗauke shi nata tun ban ba ta ba, kullum ta dawo daga lakkwal, makarantar bokonsu, sai ta jefar da jaka ta zo tana cewa, "Kaka, ina kazata?" Da ya fara girma na ga tukkunsa na yin ja da wuri, na ce ƙoshi ne. Na ga gashin wutsiya na lanƙwasa, na ce idona ne ya tsufa. Har wata asuba ina kan buzu ina jan tasbaha, sai na ji wata 'yar ƙara a shaƙe daga bayan buhunan gawayi, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Aka yi shiru. Aka sake, wannan karon ta fita sosai. Tasbahar ta tsaya a hannuna.

Ɗana da ya dawo masallaci ya ji, ya leƙo yana murmushi, shi a ganinsa albishir ne. Ya ce, "Inna, ɗanki ya zama namiji. Ran kasuwa sai in sawo mai mata, su yi iri." Na ce Allah ya yi albarka. Na san za a iya, kuma wataƙila cikin ɗiyan a samu mai gajerun ƙafafu. Amma uwarta kazar kasuwa ce, wadda ban san hannun da ya yi mata shimfiɗa ba. Igiyar da ta taho tun daga kakar kakata, uwa ta haifi uwa, ta tsinke bakin titin nan ranar da ba na gida, ni ce dai ban yarda ba sai yau.

Rana ta fito, takwara ta fito da kokon kunu, sababbin haƙoranta biyu sun fara leƙowa. Ta tsuguna gabansa tana watsa masa tsaki, shi kuma yana ta kai da komo da 'yan gajerun ƙafafunsa, yana kiran fararen kajin da ke bayan raga, ko waiwayarsa ba su yi. Ta ɗago ta dube ni da murna ta ce, "Kaka, kazata ta iya waƙa! To yaushe za ta yi mini ɗiya, in yi musu shimhiɗa irin taki?"

Na tura mata kokon gabanta. Na ce, "Sha kununki, yana hucewa."